Ranar da Na Tare Shanu Saboda Gindin Karan Shinkafa

Ɗiyata ta fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa gaban mutane, ba a shigar masa faɗa, ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Ni "ke" nake ce mata, in kuma labarinta zan bayar sai in ce "yarinyar nan". Amma yau kam sai na yi fariya da ita, mai tsegumi ya je ya yi ta yi.

Sana'ata gyaran shinkafa ce a nan Talata Mafara. In sayo ta da ɓawonta, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji. Da wannan wutar na riƙe 'ya'yana tun da ubansu ya rasu. Gonar da ya bari tana cikin filin noman rani na Bakolori, ta wajen hanyar Bakura, kuma wansa ne ke noma ta haɗe da tasa. Yaran suna ce masa Baffa, ni ina ce masa Yaya, mutanen gari kuma Alhaji. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa cin haƙƙin marayu ba. Sai dai in ya kafe a kan magana, ko jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Da yarinyar nan ta samu shiga jami'a a Sakkwato, ta ce mini ilimin tsirrai za ta karanta, raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na ce, "Duk karatun da ke duniya, ga likita, ga lauya, ke ciyawa kika gani? Ai da kin faɗa mini tun farko, da na ba ki lauje na huta." Dariya kawai ta yi. Ita ba ta da baki irin nawa, halin ubanta ta ɗauko.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi sai ya yi wani bincike na kansa kafin a ba shi shaidar gamawa. Ita sai ta zaɓi kwanciyar shinkafa. Duk wanda ya taɓa noman rani a Bakolori ya san wannan baƙin cikin. Shinkafa ta yi kyau, ta cika kai, kana ta lissafin buhuna a zuci, sai iskar bazara ta taso da maraice, ka wayi gari ka tarar da gona a shimfiɗe cikin ruwa. Wata gonar kuma a gefenta tana tsaye ƙyam, alhali iska ɗaya ce ta bi ta kansu. Ni ma da ba na noma na san abin, don shinkafar da ta kwanta in ta zo hannuna wari take yi, ta yi baƙi, a inji kuma ta kakkarye.

Wata rana da hantsi ina juya shinkafa a kan wuta, tana zaune bakin ƙofar ɗakina da reza a hannu, tana yanka wani karan shinkafa siriri-siriri kamar mai yankan kuɓewar gidan rowa. Na ce, "Ke, wai mi kike nema cikin wanga kara?"

Ta ce, "Inna, bango nake nema."

Na ce, "To fa. Karatu ya fara taɓa ki."

Sai ta matso ta yi mini bayani, a hankali, yadda take yi wa ƙannenta. Ta ce karan nan da nake gani ɗakuna ne ƙanana-ƙanana jere da juna, ido ba ya ganinsu sai da madubin da ke ƙara girman abu. Kowane ɗaki da bangonsa. Mu muna da ƙashi, tsiro ba shi da ƙashi, to bangon nan ne ke tsayar da shi, tun daga shinkafa har itacen kuka.

Na ce, "Wa ke ginin?"

Ta ce ɗakin ne da kansa ke gina bangonsa, daga ciki. Ganye ke haɗa sukari da hasken rana da ruwa da iska, ya aika wa sauran jiki. A fatar kowane ɗaki kuma akwai wasu 'yan abubuwa da ke tafiya a hankali, suna ƙulla sukarin nan ɗaya bayan ɗaya har ya zama zare. Su shimfiɗa zaren, su sake shimfiɗa wani a kansa ta wata fuskar daban, tsakaninsu kuma a cika da wani abu mai danƙo kamar ƙaro. In ɗakin ya gama girma, sai a zuba wani abin da ke daskarewa ya taurara bangon, shi ne ke mai da ɗanyen reshe itace. Ta ce ko audugar da kakarta ke kaɗi da ita a Bakura, kowane sili ɗaya bangon ɗaki ɗaya ne da ya yi tsawo ya bushe.

Nan na ajiye muciya. Uwata ta yi shekaru da mazari a hannu, na taso ina ganin zare na fita daga yatsunta, ashe abin da take murzawa wani ya riga ya kaɗa shi tun a gona. Na ce, "Ikon Allah." Sai kuma wata tambaya ta zo mini. Na ce, "To tsaya. In bango ne, yaya tsiron ke girma? Ɗakina dai tun da aka gina shi bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba."

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Inna, ai nan maganar take." Ta ce bangon yakan saki jiki kaɗan, ruwan cikin ɗakin ya tura shi ya miƙe, ana nan kuma ana ƙara masa sabon zare. In ya saki da yawa ɗakin ya fashe, in bai saki ba tsiron ya tsugune. Yadda ɗakin ke gane bangonsa ya yi rauni, da yadda yake sanin inda zai ƙara kauri da inda zai bari, da ainihin yadda zaren da danƙon ke riƙe juna, ta ce an san wani abu, saura kuma ba a sani ba.

Na ce, "Har Turawa?"

Ta ce, "Har su."

Wallahi abin bai yi mini daɗi ba a lokacin. Na ce ashe duk wahalar da nake sha gaban wuta, don a koya mata cewa ba a sani ba ne. Na koma kan shinkafata ina ƙunƙuni.

Da farkon noman rani ta je ta durƙusa gaban Baffanta ta roƙi ɗan yanki a bakin gona, daidai mashigar da ke jikin kanal, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin. Ya ba ta da murna. Ta yanka ƙananan fangaloli, ta dasa iri uku. Wasu ta zuba musu takin yuriya da yawa, yadda manomanmu ke yi don su ga gona ta yi kore shar, wasu kuma ta sa musu daidai misali. Zatonta shi ne takin in ya yi yawa sai shinkafa ta yi gaggawar tsawo, bangon ya fita ba kauri. Kowane fangali ta kafa masa turke, ta shafa masa fenti na launinsa. Tana zuwa daga Sakkwato tana dubawa, har bayan iskar farko ta zo ta ga waɗanda suka kwanta da waɗanda suka tsaya. Abin da ya rage mata shi ne in shinkafar ta nuna, ta yanki karan kowane fangali ta kai makaranta ta auna bangon. A gabana ta ce wa Baffanta, "Don Allah Baffa, kada a taɓa yankina sai na zo. Karan nake so." Ya ce, "To, to, Allah ya yi miki albarka." Amma kunnen manomin da ya haura shekara sittin yana noma don ƙwaya ba ya jin irin wannan magana. Shi dai abin da ya shiga kansa, kada a haɗa mata shinkafarta da ta kowa.

Dole in faɗa muku zancen Ardo. Wani dattijon Bafulatani ne da ke zaune ta wajen Maradun, bayan Tsibiri. Ardo muke ce masa don girmamawa. Tun zamanin kakanninsu akwai amana tsakanin gidansu da gidan mijina: da zarar an yanke shinkafa an buge, kara da filin duk na shanunsa ne. Su ci, su kwana a gonar, su bar taki. Shi kuma nono da man shanu ba sa yankewa a gidan Yaya. Ba rubutu, ba shaida, ba a ma sake maganar, kowa ya san lokacinsa. A shekarun nan da amana ta yi wuya tsakanin manomi da makiyayi a ƙasarmu, har garuruwa suka watse, wannan dai ba ta karye ba. Yaya yana ji da ita kamar idonsa, kuma ni ban ga laifinsa ba.

To, shinkafa ta nuna daidai lokacin da yarinyar nan ke cikin jarrabawa. Hadari ya fara haɗuwa da maraice, tsuntsayen jan-baki kuma suka sauko kamar an aiko su. Yaya ya ga in ya jira, iska da tsuntsu za su raba gonar tsakaninsu. Ya kwaso 'yan ƙwadago suka yanke komai, har da yankinta.

Ina tsakar gida dab da azahar sai ga shi a kan babur, an ɗaure masa ƙananan buhuna a baya. Bayan mun gaisa, mun tambayi gajiya da iyali da zafi, ya sa aka sauke su a gabana, yana ta murmushi. Kowane buhu ya shafa masa fenti irin na turken fangalinsa. Ya ce, "Ki faɗa wa ɗiyata, da kaina na tsaya aka buge mata. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikin wata ba."

Na dubi buhunan. Na ce, "Yaya, karan fa?"

Ya ce, "Wane kara?"

Na ce, "Karan yankinta."

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ya kai ƙurar gonar. Ya ce an tara shi wuri ɗaya da na sauran gona, can ƙarshen fili, kamar kullum. Ya riga ya aika wa Ardo, shanu za su shiga yau bayan azahar.

Na kira ta a waya a gabansa. Na faɗa mata. Sai na ji kukanta. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta kuka a gabana. Ta ce, "Inna, shi ke nan. Kara ya haɗe, ba mai iya raba shi. Noman rani ya wuce. Sai in jira wata shekara in sake daga farko, 'yan ajinmu su fita su bar ni." Yaya na tsaye, murmushin ya gudu daga fuskarsa, yana ta juya hularsa a hannu.

Can ta ja numfashi ta ce, "Inna, tambayi Baffa, a ina suka sa lauje? Sama ko ƙasa?"

Na tambaye shi. Ya ce sauri ake yi saboda hadari, sama-sama suka yanka, sun bar gindi mai tsawo, har ya yi musu faɗa.

Ta ce, "Turakuna fa?"

Ya ce suna nan, ba wanda ya cire.

Muryarta ta canza nan take. Ta ce, "Inna, gindin ya ishe ni. Ai can ƙasa take karyewa in za ta kwanta. In dai yana nan a fangalinsa, da turkensa, aikina bai mutu ba." Amma ta ce sai ta zo da kanta, don akwai waɗanda za ta zaɓa, wasu kuma da an cire sai a jefa su cikin wani ruwan magani nan take. Jarrabawarta ta ƙarshe da yammar ranar ce. Ba za ta iso ba sai gobe. In shanu suka shiga yau, su cinye, su tattake, su ture turakun, to an gama.

Na kashe waya na ce, "Yaya, sai a ce wa Ardo ya dakata zuwa gobe."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ubana bai taɓa ce wa ubansa dakata ba. Ni ban taɓa ce masa ba. Ƙarshen rani ne, ba ciyawa ko'ina, shanunsa sun rame, ya taso su tun daga can saboda saƙona. A wanga zamani zan tare Bafulatani a bakin gona in ce kada ka shiga? Saboda gindin kara? Yaya zai ɗauki maganar?" Ya ƙara da cewa, "Ke kuma ɗiyarki ce ta fari. Wagga magana ba ta bakinki ba ce."

Gaskiya ya faɗa, a al'ada shi ya kamata ya tsaya mata, ni in yi kamar ban ji ba. To shi ya ƙi. Raina ya tashi har kunnuwana suka yi zafi. Na san in na buɗe baki a lokacin sai an yi shekara ana sulhu. Na leƙa katanga na ce wa maƙwabciyata ta kula mini da wuta, na ja mayafi, na fita na tare kabu-kabu. Na ce masa, "Gonakin Bakolori, hanyar Bakura, kuma kada ka yi mini tafiyar amarya."

Rana ta take sosai da muka isa. Ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Daga nesa na hango garken yana tahowa a kan gaɓar kanal, har wata farar saniya da ke gaba ta riga ta sauka da 'yan biye da ita, sun faɗa fangalin farko. Na diro daga babur tun bai gama tsayawa ba. Na cire mayafina ina kaɗawa, ina "Kai! Kai! Ku fita!" Ni da ko akuya ba na kiwo. Na tsaya a tsakiyar mashigar na buɗe hannuwa, ƙahoni na ta matsowa. Tsoro kam na ji shi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ardo ya yi wani ɗan kira da harshensu, garken ya tsaya cak. Ya tako a hankali da sandarsa a kafaɗa, dogo, siriri, gemunsa fari fat. Ya gane ni. Duk da abin da ya gani bai fasa gaisuwa ba, ni ma ban isa in tsallake ta ba. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina shanu, yaya zafi, yaya muka ji da haƙuri. Muna yi ina kallon haƙarƙarin shanun nan a waje, kunya ta kama ni.

Da muka gama na ce, "Ardo, roƙo na zo yi. Ka riƙe mini shanunka zuwa gobe. Yarinyar nan tana da aiki a wanga yanki, in suka shiga karatunta na shekara ya lalace."

Ya dubi filin. Ba komai sai gindin kara da laka. Ya ce, "An ɗebe shinkafar ai."

Na ce, "Ba shinkafar take so ba. Gindin take so."

Ya dube ni. Na ga yana auna maganar, yana neman abin da ke bayanta. Ya ce yunwa suke ji, in suka shiga gonar ba sandar da za ta hana su yankin da ke bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Alhaji ne ya aiko ki?"

Na ce, "A'a. Ni na aiko kaina."

Ya ce, "Wace yarinya ce?"

Ya san 'ya'yan gidan duka. Da na ce ta Sakkwato, ko ɗiyar Alhaji, da ya gane. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ɗiyata ce, Ardo. Ta fari. Ni na haife ta, ni na sha wahalarta, kuma ba ni da kamarta."

Ardo ya sunkuyar da kai ƙasa. Su Fulani kunyar ɗan fari tasu ta fi tamu nesa ba kusa ba, mace a cikinsu ta gwammace a yanka ta da ta faɗi abin da na faɗa. Ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sandarsa, bai ɗago ya dube ni ba. Ya gane ba wulaƙanci aka shirya masa ba, ba kuma wata manufa, uwa ce kawai abin ya kai ta maƙura. Ya ce, "Ya isa. Ba za su shiga ba." Ya juya ya kaɗa farar saniyar da 'yan uwanta suka hau gaɓa. Fangali ɗaya dai ya tafi, sun cinye rabi sun tattake saura.

Ana haka sai ga babur ɗin Yaya. Ashe bin bayana ya yi. Ya sauko yana ba Ardo haƙuri, Ardo na ba shi haƙuri, kowa na rantsuwa shi ne mai laifi. Ni na gaji da su na ce, "To shanun fa, haƙuri za su ci?" Yaya ya harare ni. Sai kuma ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a babur, ya kira 'ya'yansa biyu magidanta da ke wajen awo, suka bi ta kan iyakar fangaloli zuwa ƙarshen fili inda tarin kara yake. Da idona na ga Alhaji guda, mai furfura, ɗauke da dami a ka, yana kai wa shanu har gaɓar kanal. Suka yi ta jigila har rana ta yi sanyi. Ni ma na ɗauka, Ardo na cewa in bari, ina cewa ya bar ni.

Washegari da hantsi yarinyar nan ta iso, daga tasha kai tsaye, da jaka cike da kwalabe. Ta durƙusa ta gaida Baffanta da Ardo, ta cire takalmi ta shiga laka. Ni da matan gidan Yaya muna binta da ƙananan fartanyu. Ta nuna tushe, mu tono shi da saiwarsa, ta yanka abin da za ta yanka ta jefa a kwalba, saura a ɗaure da ƙyalle mai launin turken. Da ta zo fangalin da shanu suka ɓata ta tsaya ta dube shi, ta ce ba komai, sauran za su isa. Ban taɓa ganin ta tana ba da umarni ba sai ranar. "Wannan ba na gefe ba, na tsakiya." "Inna, a hankali, kada ki murƙushe." Ni da ke juya gida da tsawa, sai ga ni ina "to" kamar sabuwar 'yar aiki, kuma daɗi nake ji.

Ardo na tsugune a bakin kanal yana kallo. Can ya ce mata shanunsa sun fi son karan gonar da aka cika wa taki, ya fi laushi a baki. Ta ce haka ne, Baba, bangonsa bai taurara ba, abin da ke yi wa saniya daɗi shi ne ke kayar da shinkafar. Ya ce to, tunda tsiro ba shi da ido ba shi da kunne, wa ke faɗa masa ƙasa ce ke ɗauke da nauyi, can ya kamata ya ƙarfafa? Ta miƙe tsaye, laka har gwiwa, ta ce, "Baba, an san yana jin nauyi da kaɗawar iska. Amma yadda saƙon ke isa har wurin ginin, ban sani ba. Malamanmu ma ba su gama sani ba. Shi muke nema." Ta faɗe shi kai tsaye, ba kame-kame, ba ƙarin gishiri don a ce ta yi karatu. Ardo ya gyaɗa kai ya ce Allah ya nuna musu. Maganar nan ta "ba a sani ba" da ta ɓata mini rai a tsakar gidana, ranar sai na ji ta zauna mini daram.

Kafin la'asar ta ɗaure na ƙarshe. Ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, na gama. Na gode." Ya yi kiran nan nasa, garken ya kwararo cikin gonar.

Ta gama makaranta tare da 'yan ajinsu. Zatonta ya fito gaskiya: inda taki ya yi yawa bangon ya fi siranta, kuma nan aka fi kwanciya. Yaya ya rage hannu a kan yuriya tun daga lokacin, ko da yake cewa yake yi tsada ce ta sa. Amma cikin irin nan uku akwai ɗaya da ya ƙi bin lissafi. Wata gajeriyar jar shinkafa ce da ba wanda ke ji da ita, a kasuwa ma ita ce ta baya. Bangonta ba wani kauri, amma iska ta yi ta yi ta bar ta a tsaye. Malaminta ya duba ya sake dubawa, ya ce bai san dalili ba. Ya nuna wa na sama da shi, su ma haka. Sai suka riƙe ta, suka ce ta ci gaba da karatu a kan wannan tambayar. Ku ji fa. Tambayar da manyan malamai ba su da amsarta, daga lakar gonar mijina aka tono ta, da fartanyata, kuma ɗiyata aka damƙa wa.

Yanzu rabin bakin gonar nata ne, turaku ko'ina. Da aka yi yankan bara ina can, na kai wa masu aiki fura. Bayan azahar garken ya taho a kan gaɓar kanal kamar kullum. Ba wanda ya aika, ba wanda ya roƙa. Tun kafin su kai mashigar na ji kiran nan, shanu suka tsaya. Ardo ya tako shi kaɗai, ya ƙara tsufa, yana dogara sandar da da yake saɓawa a kafaɗa. Ya gaisa da Yaya, ya gaisa da ni, sannan ya dubi inda take sunkuye cikin laka ya rage murya, kada ya katse mata aiki.

Ya ce, "Malama ta gama, ko mu jira?"

Na juya baya na yi kamar ina gyara murfin ƙwarya, don hawaye ne suka zubo mini, kuma na kasa tsayar da su.